Soyayyar Bayahudiya da Bajamushe a zamanin Hitila: na maƙale a babi na 12

Mai Alƙalami ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masana tarihi da masu karanta labaran soyayya na zamanin da, ku taimake ni, kaina ya ɗaure.

Wata bakwai ke nan ina rubuta wani labari da na kafa a Balin, babban birnin Jamus, ya fara daga 1934. Yarinyar Bayahudiya ce 'yar shekara 19. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, ita ce ke zama a bakin kanta tana rubuta sunan duk wanda ya kawo gyara, ta ɗaura wa agogonsa 'yar takarda da zare. Saurayin Bajamushe ne Kirista, ma'aikacin gidan waya da ke raba wasiƙu a layinsu, yana ɗan ɗingishi tun yarinta. Agogon aljihu na marigayi babansa ya kawo, aka gyara masa, bayan kwana shida ya dawo da shi wai ya sake tsayawa. Tsohon ya buɗe, ya maƙala madubin idonsa ya duba, ya ga lafiyarsa ƙalau, murɗawa ce kawai ba a yi ba. Ya kalli yaron, ya kalli 'yarsa, ya rufe agogon bai ce uffan ba. Wannan shafin na fi so a duk abin da na taɓa rubutawa.

Babi 11 sun tafi sumul. Da na iso ƙarshen 1935 sai alƙalami ya tsaya cak. Duk labaran soyayyar da na taso ina karantawa, mutum ne ke shiga tsakani, uba mai taurin kai ko mai kuɗin da ya shigo daga baya. A yi kuka, a yi roƙo, a tura manya, wata rana zuciyar uban ta yi sanyi a sha biki. To a nan wurin wa za a tura manyan? Hukuma ce da kanta ta ce a'a.

Ƙawata da ke karanta min kowane babi kafin kowa ta ce in daina wahalar da kaina. Wai in ajiye mai wasiƙun, in mayar da saurayin hafsan SS, rundunar 'yan Nazi, a sansanin gwale-gwale, kyakkyawa mai ɗaure fuska, ya hango ta a layin fursunoni zuciyarsa ta narke, ya ɓoye ta, ya tuba, su gudu Amurka su yi aure. Ta ce irin waɗannan ne suka cika kasuwa, kuma ba ƙarya ta yi ba, ni ma na karanta masu wannan zubin har na yi kuka a wasu. Na gwada. Shafi huɗu na rubuta, da na iso inda zai kama hannunta sai na ji cikina ya juya, na goge duka. Har yau na kasa faɗa mata dalili da baki.

Dokar nan da ta hana auren Bayahudiya da Bajamushe me ta ce takamaimai? Ba za su iya tsallaka iyaka su ɗaura aure su dawo ba? Kuma in na bar su suka rayu har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, na ci amanar waɗanda ba su rayu ba ke nan? Ina son yarinyar nan kamar ƙanwata. Ba na son in kashe ta, ba na kuma son in yi ƙarya.

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Shafin agogon nan ya nuna kin iya, saura ki riƙe kwanan wata da kyau, domin kalanda ce babbar abokiyar gabar masoyanki.

Ranar 15 ga Satumba 1935, a taron jam'iyyar Nazi a Nuremberg, aka zartar da dokar da suka kira ta kare jinin Jamusawa da mutuncinsu. Ta haramta aure tsakanin Bayahude da mai "jinin Jamus", ta kuma faɗa ƙarara cewa ko an je wata ƙasa an ɗaura don a kauce mata, auren ɓatacce ne. Ke nan tsallaka iyaka zai yi musu amfani ne kawai in ba za su dawo ba. Ta haramta tarayya ba tare da aure ba, kuma namiji ne ake gurfanarwa, Bayahude ne shi ko Bajamushe. Kada ki ɗauka macen ta tsira. 'Yan sandan ciki na Gestapo suna iya ɗauke Bayahudiya su kai ta sansani ba tare da ta ga alƙali ba.

Wata biyu bayan nan, 14 ga Nuwamba, suka fitar da ma'auninsu: kakanni ake ƙirgawa. Mai kakanni Yahudawa uku ko huɗu Bayahude ne, ko da a coci aka yi masa suna, ko da bai taɓa taka majami'ar Yahudawa ba. Don haka kada ki rubuta cewa ta canza addini ta tsira. A Sifen ta 1492, da Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka ce kowane Bayahude ya karɓi Kiristanci ko ya bar ƙasar, wannan ƙofar a buɗe take, ko da yake waɗanda suka bi ta sun ƙare rayuwarsu cikin zargi. 'Yan Nazi sun toshe ta.

Ga mararrabar da ke gabanki. Auren da aka riga aka ɗaura kafin dokar ba a warware shi ba, a 1939 akwai irinsa kusan 20,000. In kin aurar da su a farkon 1935, labarinki ya koma na mijin da ake matsa wa ya saki matarsa. A 1937 aka shiga korar ma'aikatan gwamnati masu auren Yahudawa, to jakar wasiƙunsa ta tafi, amma igiyar aurensa ce garkuwarta, ranar da ya sake ta ko ya mutu garkuwar ta faɗi. In kuwa sun yi jinkiri, ki sani tun watan Yulin 1935 an umarci masu rajistar aure su riƙa jingine irin wannan, tun doka ba ta fito ba.

Sannan ki tambayi kanki wa zai tona musu asiri. Da yawa daga cikin ƙararrakin nan maƙwabta ne suka kai su, da abokan aiki. Ki duba Leo Katzenberger, dattijo ɗan kasuwar takalma kuma shugaban al'ummar Yahudawan Nuremberg. Wata matashiya Bajamushiya mai ɗaukar hoto, Irene Seiler, tana haya a wani gini nasa, yana kula da ita kamar 'ya. Tsegumi ya kai su kotu. Dukansu suka musanta, ita har da rantsuwa. Alƙali Oswald Rothaug ya jawo dokar lokacin yaƙi, ya ce dattijon ya fake da duhun da ake kashe fitilu saboda jiragen yaƙi, ya yanke masa kisa. An fille kansa a Yunin 1942 yana da shekara 68, ita ta sha ɗaurin shekara 2 wai ta yi rantsuwar ƙarya. A 1947 kotun Amurkawa ta ɗaure alƙalin rai da rai, a 1956 ya fito.

Kantin agogon kuma ba zai wuce 1938 ba. Daren 9 ga Nuwamba wayewar 10 aka farfasa shagunan Yahudawa, aka ƙona majami'unsu, aka kwashe maza kusan 30,000 zuwa sansanonin Dachau da Buchenwald da Sachsenhausen. Daga 1 ga Janairu 1939 Bayahude ba shi da izinin riƙe kanti.

Masu karatu za su tambaye ki me ya hana su gudu, ki tanadi amsa. A Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa kan batun 'yan gudun hijirar, kusan dukansu suka ce ba su da wuri. Jirgin ruwan St. Louis ya ɗauki fiye da mutum 900 a Mayun 1939, Kyuba ta ƙi sauke kusan dukansu, Amurka ta ƙi su, ya juyo Turai. Wanda ya samu biza kuwa sai ya biya harajin fita, ya bar ƙasar da mak 10 kacal, kuɗin Jamus, a aljihu. A Oktoban 1941 aka hana fita baki ɗaya, a watan ne kuma jirgin ƙasa na farko ya tashi daga tashar Grunewald ta Balin da Yahudawa zuwa unguwar da aka killace su a Lodz ta Polan.

Kuma kada ki mayar da tsohon waliyyi. Shari'ar addininsa ma ba ta yarda ya ba wanda ba Bayahude ba 'yarsa. Shirun da ya yi a kan agogon nan ba lallai ne na yarda ba.

Ɗan Gwagwarmaya ya rubuta:

Malama, ba raini ba, amma ni abin ya ba ni mamaki. Kullum kina ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa a Gaza, yara a ƙarƙashin ɓaraguzai, ki rasa wanda za ki zubar wa hawaye sai Yahudawa? Wata bakwai fa. Da wata yarinya 'yar Gaza kika ba wannan lokacin da ya fi miki lada.

Anti Mai Littattafai ta rubuta:

Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da ya juya miki ciki, don ni ma ya taɓa juya min. Na gama kuka a kan wani littafi irin wanda ƙawarki ke so, na kwanta, can tsakar dare na farka ina tambayar kaina: wai da yarinyar ta ce masa ba ta so, me zai faru? Shi ke riƙe da bindiga, shi ke riƙe da littafin sunaye, da yatsa ɗaya zai nuna hagu ko dama, wa zai mutu wa zai rayu. Macen da ba ta da ikon cewa a'a, ta ina za a san e ɗinta na gaskiya ne? Ki kuma lura da inda marubutan ke haska fitila. Labarin yakan tashi daga kanta ya koma kan zuciyarsa shi, yadda yake wahala, yadda ba ya barci, yadda ya tuba. Ya tsame ɗaya don tana da kyau. Matan da ke gabanta da bayanta a layin, waɗanda yunwa ta cinye musu kyan, sun zama labulen ɗaki. Yahudawa miliyan 6 aka kashe, ni na kasa karanta su a matsayin ado.

An yi soyayya a sansanonin, ba a fasa ba. Mala Zimetbaum, Bayahudiya da aka kwaso daga Beljiyam, da Edek Galinski ɗan Polan, dukansu fursunoni ne a sansanin Auschwitz. A Yunin 1944 suka tsere tare, shi sanye da kakin SS da ya samo. Bayan kamar mako biyu aka kama su, aka dawo da su aka kashe. Ba wanda ran ɗaya yake hannunsa a cikinsu, shi ya sa nake kiran nasu so.

Mai wasiƙunki ya fi hafsan nan sau dubu, ki riƙe shi gam. Ki rage dogayen jawabai ki shiga ƙananan abubuwa, nan ciwon yake. Tun farkon yaƙi Bayahude ba ya fita bayan ƙarfe 8 na dare a lokacin sanyi. An karɓe rediyo, daga baya tarho. A Balin awa ɗaya aka ba su ta cefane, 4 zuwa 5 na yamma, lokacin da an riga an wawushe kanti. Daga 19 ga Satumba 1941 duk wanda ya kai shekara 6 sai ya ɗinka tauraro rawaya a ƙirjin hagu, kuma da kuɗinsa zai saya. Ki zaunar da ita da allura tana ɗinka wa babanta a kwat ɗinsa, shi kuma mutumin da ya saba da aikin da ba ya son karkata ko ta gashi ɗaya, yana ce mata ta daidaita shi. A 1942 har dabbar gida aka hana su. Victor Klemperer, farfesa a Dresden, ya rubuta a kundinsa na yau da kullum yadda matarsa Eva, wadda ba Bayahudiya ba ce, ta kai muzurunsu wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar mutuwa, don kada hukuma ta ƙwace shi. Matar nan ta bi mijinta gidan da aka cusa Yahudawa, ta sha yunwar da yake sha, ba ta taɓa neman rabuwa ba, kuma dukansu sun ga ƙarshen yaƙin. Duk lokacin da na tuna ta da muzurun nan a hannu sai idona ya ciko.

Sai matan Rosenstrasse. Ƙarshen Fabrairun 1943 aka tsare Yahudawa kusan 2,000 a wani gini a wannan titi na Balin, yawancinsu maza masu auren Jamusawa. Matansu suka fito cikin sanyi suka tsaya a ƙofa kwana da kwanaki suna cewa a ba su mazajensu. Cikin makon farko na Maris aka fara sakinsu. Masana na jayayya ko tsayuwar ce ta sa, ko dama ba a yi niyyar kwashe su a lokacin ba. Matan da ke tsaye a titin dai ba su da wannan labarin, bakin bindiga kawai suke gani.

Ki bar ta ta rayu in kina so, ba cin amana ba ne. Yahudawa kusan 1,700 sun fito daga maɓoya a Balin bayan yaƙi. Sai dai yawancinsu sun fito ne sun tarar dangi sun ƙare. In za ki yi biki a babin ƙarshe, ki nuna mana kujerun da babu kowa a kai.

Likitan Dare ya rubuta:

Ɗan'uwa Ɗan Gwagwarmaya, ciwon Gaza yana cin mu duka. Amma yarinyar da ke bakin kanta a 1934 me ta yi wa wani? Ko ƙasar Isra'ila ba a kafa ba sai 1948. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Malama Mai Alƙalami, ga wani mutum da na riƙe labarinsa saboda sana'armu ɗaya. Dakta Mohamed Helmy, Bamisire, an haife shi a Khartum a 1901, ya je Balin karatun likita a 1922 ya zauna. Da 'yan Nazi suka hau, shi ma ma'auninsu ya hau kansa. Aka raba shi da aikin asibiti, aka hana shi auren budurwarsa Bajamushiya, a 1939 aka tsare shi, sai 1940 aka sako shi saboda rashin lafiya. Mutumin da Gestapo ke sa wa ido ke nan, amma a 1942 ya ɗauki Anna Boros, matashiya Bayahudiya daga cikin majinyatansa, ya ɓoye ta. Ta ɗaura ɗankwali, yana gabatar da ita a matsayin 'yar'uwarsa Musulma, tana taya shi aiki a ɗakin duba marasa lafiya. Da abu ya yi zafi ya mayar da ita wata 'yar bukkarsa a unguwar Buch. Ya taimaki mahaifiyarta da mijin mahaifiyar da kakarta, duka huɗun sun rayu. Bayan yaƙi ya auri budurwar da aka hana shi, ya ci gaba da zama a Balin har ya rasu a 1982. A 2013 cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da kisan Yahudawa, ta sanya shi cikin waɗanda suka ceci Yahudawa, shi ne Balarabe na farko.

Ki lura, ba soyayya ce tsakaninsa da Anna ba, kuma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Mai ɓuya tana bukatar mai ba ta ɗaki, da mai raba katin abincinsa biyu, da mai buga takardar bogi, da likitan da zai zo in zazzaɓi ya kama ta tunda ba ta isa ta je asibiti ba, da maƙwabciyar da za ta ji tari ta bango ta yi kamar ba ta ji ba. In saurayin ne shi kaɗai ya yi duk wannan a labarinki, ni dai ba zan yarda ba.

Mai Alƙalami ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na zauna da kalandar nan jiya har asuba. Anti, kin faɗi abin da na kasa faɗa. Na karanta wa ƙawata, ta yi shiru, sannan ta ce har yanzu hafsan ya fi mata daɗi amma ta gane. Ɗan'uwa Ɗan Gwagwarmaya, ban ji haushi ba, kuma ban manta da Gaza ba ko kwana ɗaya. Wannan yarinyar ce ta fara zuwar min, sai na sauke ta tukuna.

Ga inda na tsaya. Ba za su yi aure ba. Tsohon zai ja musu rai shekara guda saboda addini. Ranar da ya sauko ya ce to, watan Agustan 1935 ne. Za su je ofishin rajista cikin kayansu na fita unguwa, ma'aikacin ya karɓi takardun ya jefa a aljihun tebur, ya ce su dawo wani watan. Tsohon zai ƙarasa rayuwarsa da sanin cewa shekarar da ya ja ce ta cinye su, kuma ba wanda zai taɓa furta masa. Saurayin zai ci gaba da raba wasiƙu, ƙafarsa ta hana a kai shi fagen daga. Bayan Oktoban 1941 jakarsa za ta riƙa cika da wasiƙun gidajen da aka rufe aka buga wa hatimi, shi ne zai rubuta a bayan kowace ambulan cewa mai ita ya tashi, ba a san inda ya koma ba, ya mayar. Wata safiya ambulan ɗin da zai zaro sunan tsohon ne a kai, daga ƙanwarsa da ke Zurich ta Suwizalan, kuma dole ya rubuta da hannunsa.

Likita, na ƙara mata mutum uku. Maƙwabciyar da ta ji tarin na ba ta babi guda sukutum, don ita na fi tsoro, ban ma yanke ba tukuna ko za ta yi shiru har ƙarshe.

Shafin da nake kai yanzu, yarinyar tana bayan katakon bango a ɗakin sama, agogon aljihun nan yana hannunta. Da dare in gida ya yi tsit ƙararsa tana fita. In ta murɗa shi ana iya ji daga ƙasa, in ta bar shi ya tsaya ba za ta san lokacin da zai zo mata da burodi ba. Anti, ke da wanne za ki bar ta?